Layar Goggo Kaltume

Liverpool, Ingila
12 ga Satumba, 1983

Zuwa ga taubashina Malam Sodangi, Ofishin Yaɗa Labarai, Boɗinga.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da iyali, da Goggo Kaltume can Shagari. Ni ma lafiya lau, in ban da mura da ba ta rabuwa da mutum a garin nan. Ka yi haƙuri da Hausata ta Zangon Kumasi. Na san har yanzu da jan biro a hannu kake karanta wasiƙa, kamar lokacin da kake gidan jarida.

Shekara uku ke nan da na zo na gaishe ku, zuwan da ban taɓa yin irinsa ba, ban kuma sake ba. Za ka tuna ranar da zan taso, Goggo ta cire layar da ke wuyanta tun tana jaririya, wadda aka ce mahaifinta Na'Allah, kakanmu ni da kai, ya bar mata, ta rataya mini. Ta ce tunda teku zan ƙetare, in tafi da ita. Sannan ta ce, "Kai da aka ce kana zana mutane, ka zano mini ubana. Ya tafi ina ciki, ban taɓa ganin fuskarsa ba." Na amsa da sauri, na manta ni ma ban gan shi ba. Ya rasu a Kumasi shekara biyar kafin a haife ni, babana da ya san shi kuma ya rasu bai bar hoto ba.

Ka san yadda rayuwata take. A Kumasi aka haife ni, aka kore mu a 1969 wai mu 'yan Nijeriya ne. A Ikko aka riƙa ce mini ɗan Gana. Bana kuma na zauna a nan ina kallon dangin mahaifiyata a talabijin, da ƙunshin kaya a ka, ana korarsu daga Nijeriya. Abu ɗaya ne ban taɓa shakkarsa ba: ni jikan Na'Allah baduku ne, mutumin ƙasar Boɗinga, wanda ya ƙi zama ƙarƙashin Nasara ya yi hijira zuwa Gwanja a shekarar yaƙin Satiru. A kan wannan labari nake zane goma sha biyu da za a nuna a nan cikin watan Afrilu. Na sa musu suna Hijira.

A kan jar fatar akuya nake yin su. A shagon wani mai ɗinka littattafai na same ta, ina shinshinawa na gane ta. Mutumin ya rantse mini fatar Maroko ce. Na ce masa akuyar dai ta Sakkwato ce, raƙuma ne suka kai fatar Maroko. Ya dube ni kamar na zagi uwarsa.

Ga albishir. An gaya mini akwai wani ƙaramin gidan tarihi, tafiyar awa biyu a jirgin ƙasa, inda aka ajiye akwatunan wani Kyaftin da ya yi aiki a Sakkwato a 1906, har da hotunan kasuwa da na masu sana'a. Ko ban sami kakanmu ba, zan ga fuskokin dukawan zamaninsa, in san ta inda zan fara. Ka gaya wa Goggo alkawari na nan.

Naka,
Mijinyawa Sa'idu


Boɗinga
15 ga Oktoba, 1983

Taubashi,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarka ta yi kwana ashirin da uku a hanya. Kuskure huɗu na samu a ciki, na bar maka su don kada ka ce mugunta ce. Muna lafiya. Iyali suna gaishe ka, sun ce ka sha citta.

Damina ta ɗauke da wuri. A Lambara da Dandin Mahe gero bai kai ƙirji ba, mutane sun koma ga albasa suna addu'a. An yi zaɓe, an yi rantsuwa, sabulu da madara dai ba su dawo kanti ba. Ni aikina in sa lasifika a mota in gaya wa jama'a abubuwa na gyaruwa, in dawo gida in tarar da matata ta yini a layi.

Ba wannan ya sa na ɗauki biro ba. Ranar Litinin na kai Inna, goggonka, wurin likitan ido a Sakkwato. Na dama ya tafi gaba ɗaya, wannan mun sani. Na hagu muka sa wa rai, a zatonmu yana ce da za a kankare. Likita ya ce ba yana ba ce, jijiyar idon ce ke mutuwa, kuma ba ta da gyara. Na matsa masa ya ba ni lokaci. Ya ce wata huɗu, in an yi sa'a shida. Ka ƙirga da kanka.

Duk Asabar nakan hau babur in je Shagari, kafin in cire takalmi sai ta ce, "Auta, ɗan Gwanja ya aiko?" Mutum mai 'ya'ya biyar ana ce masa Auta a gaban jama'a, ka ga abin da ka jawo mini. Na karanta mata wasiƙarka duka. Labarin mai shagon fata ya ba ta dariya har ta sarƙe. Da na zo kan akwatunan Kyaftin, sai ta ce Rahamatu ta miƙo mata goro. Rahamatu ita ce 'yar yayana da ke aiki a asibitin garin, ita ke kwana da ita yanzu.

Hijira suna ne mai kyau. Bara na ba da labarin kakanmu a rediyo, har wani dattijo ya zo ofis daga Dange don ya yi musabaha da jikan Na'Allah. Amma zanen Turawa zai iya jira, na Inna ba zai iya ba. Ka fara da nata.

Taubashinka,
Sodangi Zubairu


Liverpool
6 ga Nuwamba, 1983

Malam Sodangi,

Ina gaisuwa. Na sami wasiƙarka, labarin idon Goggo ya tsaya mini a rai. Allah ya sawwaƙe. Ni jikina lafiya. Sauran ban san yadda zan faɗa ba, don haka zan faɗa yadda ya faru.

Na je gidan tarihin ranar Alhamis. Wata dattijuwa mai kula da wurin ta kawo mini littafin hotuna mai koren bango. Shafukan farko kasuwa ce, da raƙuma, da masu rini. Ina ta jin daɗi. A shafi na talatin da ɗaya sai ga Kyaftin zaune kan kujerar naɗi. Bayansa katangu ne a zube, da wani abu kamar hayaƙi. Gefensa wani saurayi a tsaye, ba takalmi, da jar dara irin ta 'yan barikin Nasara, da ɗamarar fata, da wata 'yar tagulla mai kamar kwabo rataye a wuyansa. A ƙasa an rubuta da tawada, na mayar maka da Hausa: "Na'Allah, baduku, jagoranmu, wanda ya nuna mana hanyar bayan gari. Satiru, Maris 1906."

Malam Sodangi, fuskar babana ce. Goshin, da yadda leɓen ƙasa ya ɗan fito. Da a titi na gamu da shi, da na durƙusa.

Na nemi littafin da Kyaftin ke rubuta abubuwan da ya yi kullum. Layi uku ya ba shi. Ya ce matashin ya san Satiru ciki da waje domin yana kai wa malaman garin gafakar Alƙur'ani, kuma ya yi musu amfani ƙwarai. Shi ke nan. Sai ya shiga maganar dokinsa da ya yi ciwon ƙafa, shafi guda cur.

Na fita waje na zauna a gindin wata bishiya. Dattijuwar ta biyo ni da shayi. Su a wurinsu shayi ne maganin komai. Ta tambaye ni ko na ga wani nawa. Na ce e. Ta ce kai, abin farin ciki.

Na dawo ɗaki na tarar da zane bakwai da na gama jingine da bango: mutum da sanda da buta, ya juya wa Nasara baya, ya nufi yamma. Na juya su suna kallon bango. Shekara talatin ina gaya wa duk wanda ya tambaye ni daga ina nake cewa kakana ya ƙi su. Ashe shi ya shige musu gaba.

Sun yarda sun wanke mini kwafin hoton. Yana kan teburina. Ka gaya mini me zan zana wa Goggo.

Mijinyawa


Boɗinga
27 ga Nuwamba, 1983

Taubashi,

Muna lafiya, Inna ma da sauƙi, sai dai yanzu ba ta gane mutum sai ya tsaya a bakin ƙofa inda haske yake.

Na karanta wasiƙarka sau uku, na ajiye ta kwana biyu kafin in amsa. Ka natsu. A gidan jarida an koya mana ba a buga labari da shaida ɗaya, balle shaidar Bature da ya mutu.

Jiya na ɗauko rajistar masu zaɓe ta mazaɓa ɗaya tak a nan Boɗinga, na sami Na'Allah goma sha tara. Dukawa kuwa a wancan zamani kowace unguwa da nata. Maganar kama kuma, mutumin da ya yi shekara uku yana neman fuskar kakansa, ko a jikin garu zai gan ta. Ba na cewa ƙarya kake yi. Cewa nake ba ka da abin da zai sa ka ɗora wa matacce wannan kaya.

Akwai abin da ba ka sani ba, da yake ba a nan ka tashi ba. Yayyen mahaifiyar Inna biyu almajiran Satiru ne, a can suka mutu ranar da aka ƙone garin. Inna ta rasa kawunnanta tun ba a haife ta ba. Yanzu ka auna abin da kake so in karanta mata.

Ban karanta ba. Na riƙe takardarka a hannu, na ce mata kana fama da mura, aiki kuma yana tafiya. Shekara takwas na yi ina tace labari, ban taɓa jin nauyin aikin ba sai ranar Asabar ɗin nan. Ta ce, "Shi ke nan abin da ya ce? Na ji takardar da kauri." Na ce sauran gaisuwa ce.

Ga shawarata. Ka ɗauki fuskar mahaifinka, ka ƙara mata shekaru da furfura, ka sa masa babbar riga da rawani, ka ajiye masa kayan dukanci a gaba. Wannan ba ƙarya ba ce, haka kakanmu ya ƙare rayuwarsa a Kumasi. Tsohuwa mai shekara saba'in da bakwai za ta ga ubanta, ta rufe ido da farin ciki. Wa aka cuta?

Sodangi


Liverpool
13 ga Disamba, 1983

Malam Sodangi,

Gaisuwa da fatan alheri. Ka ce shaida ɗaya ba ta isa ba. Ka yi gaskiya, shi ya sa na nemi ta biyu. Ka zauna kafin ka ci gaba.

Na ari madubin ƙara girma na duba tagullar da ke wuyan saurayin. Akwai lamba a jiki: 417. Dattijuwar gidan tarihi ta ce irin wadda Kyaftin ke rataya wa masu ɗaukar kaya da jagorori ce, don a san nasu.

Tun ranar da Goggo ta ba ni layar nan nakan ji wani abu mai tauri, kewayayye, in na matsa ta. Na ɗauka wani sirri ne na malamai. Da na ga lambar, sai hannuna ya tafi wuyana da kansa. Kwana uku ina cire ta ina mayarwa. Ranar Lahadi da hantsi na sa reza na warware ɗinkin, zare ɗaya bayan ɗaya, don kada fatar ta yage.

Akwai auduga, da ƙyallen baƙin saƙi. Cikin ƙyallen tagulla ce, ta yi kore, da huji a sama. Na goge ta da lemon tsami. 417.

Babu aya a ciki. Babu takarda ko kamar farce. Goggo ta yi shekara saba'in da huɗu tana rataye da lambar Nasara a wuyanta, tana cire ta in za ta kewaya, ni kuma na ƙetare teku da ita ina jin ina da tsari.

Na gwada shawararka, wallahi na gwada. Na yi dattijo da rawani, ya fito kamar hoton kalanda, ba kowa a cikinsa. Sai na ɗauko fata mafi kyau da nake da ita na zana saurayin yadda yake, da darar, da tagullar, da ƙafafunsa a ƙasa. Kyaftin da kujerarsa na bar su waje. Ban taɓa yin aikin da ya kai shi ba, kuma ba na son kallonsa.

Goggo ubanta ta ce in zano mata, ba ta ce in zano wanda ya dace ba. Amma kai ne ɗanta, kai ke ganinta. Akwai wani Garba, mutumin Yabo, da ya gama karatun aikin gona zai dawo gida ƙarshen Janairu, kuma ta Shagari zai bi. In ka ce kada in ba shi, ba zan ba shi ba. In ban ji daga gare ka ba zuwa ashirin ga Janairu, zan ɗauka ka bar mini hukunci, domin idon ba zai jira mu gama gardama ba.

Mijinyawa


Boɗinga
30 ga Disamba, 1983

Mijinyawa,

Muna lafiya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ka buɗe laya? Da reza? Na karanta layin nan a ofis, sai da masinja ya tambaye ni ko rasuwa aka yi. Ni ɗan boko ne, na karanta littattafan da suka fi naka yawa, amma ko a mafarki hannuna bai taɓa zuwa kan ɗinkin laya ba. Tun muna yara ake gaya mana wanda ya buɗe zai haukace ko ya makance. Ban ce na yarda ba. Na ce ba a yi. Amana ce tsohuwa ta cire daga wuyanta ta ba ka, ka shimfiɗe ta kan tebur kamar kifi.

Lambar kuma ba ni da abin cewa. Na nemi ta inda zan ƙaryata ka, ban samu ba. Jiya na wuce ta hanyar Dange, na tsaya na dubi wajen da Satiru take, fili ne kawai ba kowa. Na tuna dattijon da ya zo ya yi musabaha da ni. Ban san yadda na iso gida ba.

Amma wannan ni da kai ya shafa. Inna ba ta san komai ba, kuma ba za ta sani ba. Ka ji ni da kyau: KADA KA BA GARBA ZANEN. Ka aiko mai rawanin ko da ya yi kama da kalanda. Idonta ba zai bambance ba. In ka kashe mata uba sau biyu, ni da kai mun gama.

Yau zan sa wannan a gidan waya don ta same ka da wuri.

Sodangi


Liverpool
21 ga Janairu, 1984

Malam Sodangi,

Ina fata kuna lafiya. Mun ji labarin juyin mulki a rediyo ranar jajibirin sabuwar shekara, hankalina yana Shagari tun ranar. Allah ya tsare ku.

Kullum ina duba akwatin wasiƙa, ban ga komai ba. Jiya wa'adin ya cika. Na ɗauka shirunka amsa ce: ba za ka ce e da bakinka ba, amma ba ka hana ba. Na naɗe zanen na ba Garba, da wata 'yar takarda zuwa ga Goggo wadda na roƙi Rahamatu ta karanta mata. A ciki na faɗi abin da na gani, na faɗi abin da na yi wa layar, na nemi gafara. Na ga bai kamata in sake ɗora maka karatun ba.

Mijinyawa


Boɗinga
9 ga Fabrairu, 1984

Mijinyawa,

Lafiyar jiki muna da ita.

Na hana ka. Ranar talatin ga Disamba na rubuta maka da manyan baƙaƙe. Washegari sojoji suka karɓi mulki, aka rufe iyakoki da filayen jirgi, jakar wasiƙun ta kwanta wani wuri tsakanin nan da Ikko. Wataƙila ta same ka tare da wannan. Ka karanta ta, ka ga abin da ka kira amsa.

Garba ya iso Shagari ranar Talata, ina nan Boɗinga ban sani ba. Garin ya yi tsit tun watan jiya, baƙo ko ɗaya abin kallo ne, balle wanda ya zo daga Ingila da naɗin fata a kafaɗa. Mata maƙwabta suka biyo shi har tsakar gida. Yaron kirki ne, bai san abin da ya ɗauko ba, ya warware shi a gaban kowa yana murmushi. Rahamatu ta ce wata tsohuwa, Zulai, ta leƙa ta ce, "A'a, wannan ai ɗan sandan Nasara ne, ina Malam Na'Allah ɗin?"

Inna ta ce a kai shi bakin ƙofa. Ta durƙusa, ta kawo idon hagu dab da fatar, ta bi ta tun daga ƙafafu har hula, a hankali, kamar mai tsintar tsakuwa a gero. Da ta zo kan tagullar ta sa yatsa. Sannan ta ce kowa ya fita, ban da Rahamatu da takardarka.

Direban motar kasuwa ya kawo mini saƙo, na isa jiya da rana. Na tarar ta sa an jingine zanen a ɗakinta. Na gaishe ta, ta amsa. Na fara cewa, "Inna, yaron nan bai san al'ada ba," ta ɗaga hannu. Ta ce, "Auta, wasiƙa nawa ka haɗiye?" Na ce biyu. Ta ce, "Tashi ka ba ni wuri, kana tare mini haske."

Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ci abincin kirki ba. Ban taɓa ganinta haka ba. In wani abu ya same ta, ka san hannun da ya jawo.

Sodangi


Shagari
18 ga Fabrairu, 1984

Kawu Mijinyawa, ni ce Rahamatu. Ina gaishe ka. Kaka ta ce in rubuta yadda ta faɗa, kada in gyara. Ga shi.

Ɗan ƙanena, ina gaishe ka da aiki. Saƙo ya iso. Ina lahiya, ina cin tuwo, kada Auta shi tsorata ka.

Ka ce in gahwarta maka don ka buɗe laya. Ai don ka buɗe nib ba ka. Jikoki goma sha ɗaya gare ni, duk masu ladabi, ko shekara ɗari tay yi wuyansu ba mai taɓa ta. Kai ko da kaz zo, kwana biyu kay yi, sai da ka kihe turmina don ka ga gindinai. Nic ce, wanga shi za ya buɗe, kuma can nesa za ya buɗe, inda ba kowa.

Na san abin da ke ciki. Innata ta hwaɗa mini ranar da nih haihu na hwari. Nasara sun kama shi kasuwa don ya san hanya. Ko tilas anka yi mai, ko shi yas so, tac ce ba ta sani ba, ba ta ko tambaya ba. Bayan an ƙone gari yad dawo da abin ga a wuya. Tana daka, da cikina wata bakwai, yayyenta biyu ko gawarsu ba a gani ba. Yay yi sallama, ba ta amsa ba. Ba ta ba shi ruwa ba. Yat tsaya bakin ƙohwa tun hantsi har azahar. Sannan yac cire tagullar yab ajiye bakin turmi, yaj juya. Ba ta ƙara ganinai ba.

Tar rasa inda za ta kai ta. In ta jehwa rijiya, ranar yasa a gani. In ta binne, hauya ta tono. Matar baduku ce, ta iya zare. Tad ɗinke ta cikin hwata, ranar suna tar rataya mini, tad dawo Shagari wurin danginta tac ce mijinta ya yi hijira ya bar wa ɗiya laya. Wa ka buɗe layar jinjiri? Da wagga magana niy yi aure, da ita ɗiyana sunka tashi da kai sama, da ita Auta yas shiga rediyo. Ban hwaɗa mai ba don shi in an ba shi magana sai ya gyara ta.

Ka ce ba ka san na ina kake ba. Shekara uku kana yawo da abin kunyar gidanmu a wuya. Baƙo ba a ba shi wannan.

Zane kuma, kwana goma ina dibinai da sahe, lokacin da idon ke aiki. Hula ba ta dame ni ba, na san da ita. Abin da ban sani ba, ashe yaro ne. Ni tsoho nike jira, mai gemu, in tambaye shi abin da yas sa. Tun ina budurwa nike tara mai magana. Sai kak kawo mini yaro da bai kai mijin Rahamatu ba, ga ƙahwa ba takalmi, ga kunnuwan Auta. Na duba, na duba, na rasa inda zan aje hushin. Shekaranjiya nis sa anka kawo ruwa cikin ƙwarya anka aje gabanai. Rahamatu na ganin na ruɗe. Ban ruɗe ba. Na san hwata ce.

Mai rawanin kada ka aiko. Wanga ya ishe ni. Yau da sahe na nemi huskar ban same ta ba, sai ja kawai, amma na riga na gani.

Tagullar tasu ce. Ka rataye ta wurin nunin da za ka yi, su ga abinsu, ka rubuta sunanai a ƙasa yadda yake. Hwatar layar ko ka aiko mini da zarenta, kada ka yar da ko ɗaya. Ɗinkin innata ne.

Goggonka,
Kaltume

Taubashi, ni aka ba in kai gidan waya. Na karanta a hanya. Ban taɓa ko harafi ɗaya ba. Fatar kada ka sa ta a wasiƙa, ka nemi mai zuwa ka ba shi hannu da hannu.

Sodangi